Yadda Ake Neman Riƙon 'Ya'ya da Kuɗin Ciyarwarsu Bayan Mutuwar Aure

Tambayoyin da suka fi zuwa mini a kan mutuwar aure, yawancinsu a kan yara suke. Wata ta ce ranar da aka miƙa mata takarda aka kwance goyon da ke bayanta. Wata ta ce an bar mata yara huɗu, ko ƙwayar hatsi uban bai taɓa aikowa ba. Maza ma suna tambaya: tsohuwar matata ta yi aure ta tafi da 'yata gidan wani, ina zan dosa?

Ga matakan nan a jere kamar yadda suke bin juna a kotunan Najeriya, musamman na Arewa. Da uwa zan fi yin magana, domin ita aka fi danne wa haƙƙi a wannan fage, amma inda abin ya shafi uba zan juyo kansa. A riƙe wannan tun daga farko: a shari'ar da kotunanmu ke bi, riƙo na uwa ne, ciyarwa ta uba ce. Uba ba ya karɓe yaro don shi ke ciyarwa, uwa kuma ba ta rasa kuɗin ciyarwa don yaro yana hannunta.

1. Ki gano kotun da ke da hurumi

Irin auren da aka ɗaura shi ke nuna ƙofar da za ki ƙwanƙwasa. Idan auren Musulunci ne, da waliyyi da sadaki da shaidu, kotun shari'ar Musulunci za ki je a jihohi irin su Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara, Sakkwato da Kaduna. A Abuja, Filato da Kwara kotun yanki ce, wadda aka fi sani da Eriya Kot. Dukkansu da mazhabar Malikiyya suke hukunci, da littattafai irin su Risala da Mukhtasar da Tuhfa. Galibi kotun da ke yankin da wanda ake ƙara yake zaune ita ake zuwa.

Idan auren rajista ne na gwamnati, to sai Babbar Kotun Jiha. Can dokar shari'ar aure ta 1970 ke aiki, kuma sashe na 71 ya ce maslahar yara ita ce gaba da komai. Babu jerin masu haƙƙi a can, alƙali yana duba inda yaro zai fi samun kulawa ne. Auren gargajiya na waɗanda ba Musulmi ba, kotun gargajiya ke duba shi. Akwai kuma dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003, wadda ta tanadi kotun iyali, jihohi kuma sun yi nasu: Kaduna a 2018, Kano a 2023.

Hattara: ofishin 'yan sanda ba kotu ba ne. Ɗan sanda ba shi da ikon cewa yaro na wane ne. Hisba ma sulhu take yi, ba ta yanke hukuncin da za a tilasta wa wanda ya ƙi.

2. Ki tattara takardu tun kan ƙura ta lafa

Takardar saki ita ce ta farko, kuma ki duba akwai kwanan wata a jiki, domin daga nan ake lissafin idda da ciyarwa. Idan da baki aka yi sakin, ki riƙe sunayen waɗanda suka ji. Idan ta waya ne, kada ki goge saƙon.

Sai takardar haihuwar kowane yaro daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, katin rigakafi, katin asibiti, rasiɗan kuɗin makaranta, sakamakon jarrabawa, da shaidar duk kuɗin da aka taɓa turo miki ta banki. Ki ɗauki hotonsu a waya ki tura wa wani ɗan'uwa da kika yarda da shi. Takardun da aka bari a ɗakin miji sau da yawa ba a sake ganinsu.

Hattara: kada ki fita ki bar yara da sunan "bari a huce tukuna". Zaman idda a ɗakinki haƙƙinki ne, ayar farko ta Suratul Ɗalaƙ ta hana a fitar da ke. Kuma a Malikiyya, matar da ta sarayar da riƙo da kanta ba tare da uzuri irin na ciwo ba, ba ya dawo mata don ta sake shawara daga baya. Idan kore ki aka yi aka riƙe yaran, a ranar ki je wurin mai unguwa ko limamin unguwa tare da waliyyinki, ki faɗa a gabansu cewa ƙwace su aka yi, ba ke kika bayar ba. Wannan 'yar maganar ta rana ɗaya tana iya zama ginshiƙin shari'arki.

3. Ki san matsayinki a jerin masu riƙo

A nan aka fi ɓata, domin al'ada ta daɗe da shiga rigar addini. Za ki ji ana cewa da an yaye yaro uba ke karɓa, ko kuma da ya kai shekara 7. Maganar shekara 7 tana nan a wasu mazhabobi, amma kotunanmu ba da ita suke aiki ba. A Malikiyya uwa tana riƙe ɗa namiji har ya balaga, tana riƙe mace har ta yi aure ta tare a ɗakin mijinta. Wannan shi malamai ke kira hadana. Asalinsa hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya wa wata mata da mijinta ya saka yake son karɓe ɗansu cewa ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba.

Idan riƙo ya faɗi daga hannun uwa, saboda rasuwa ko aure ko wani dalili, ba wurin uba yake wucewa kai tsaye ba. Kakar yaro ta wajen uwa ce ke bi, sai kakar uwar, sai innar yaro wato 'yar'uwar uwarsa, sai innar uwar. Bayan an gama da dangin uwa mata ne ake zuwa ga kaka ta wajen uba, sannan uban, sai yayar yaro, sai gwaggonsa. Uban da ya zo kotu yana cewa "ta yi aure, a ba ni ɗana", abu na farko da alƙali masani zai tambaya shi ne ko mahaifiyar matar tana raye.

Duk wanda zai riƙe yaro sai ya cika sharuɗɗa: hankali, lafiyar da zai iya ɗawainiya, amana a addini da ɗabi'a, gida mai tsaro musamman ga 'ya mace da ta fara girma, da rashin cuta mai yaɗuwa da za ta cutar da yaron. Idan mai riƙon namiji ne, dole ya kasance yana da macen da za ta yi rainon, kuma ya zama muharramin yarinyar. Talauci ba ya cikin abin da ke zubar da riƙo. Wanda ya ce miki "da me za ki ciyar da su?" ki tuna masa ciyarwar ba a kanki take ba.

Uba kuwa waliccinsa yana nan daram. Shi ke da alhakin tarbiyya da karatu da dukiyar yaro da aurar da 'ya mace. Yana da damar ganin ɗansa, ya kai shi makaranta, ya tsawata masa, amma kwana a wurin mai riƙo yake. Uwar da ta rufe ƙofa ta hana uba ganin 'ya'yansa ta zalunci yaran kafin ta zalunci uban, kuma ta miƙa masa makamin da zai yaƙe ta da shi gaban alƙali.

Hattara ga mai neman khul'i, wato sakin da mace ke nema ta hanyar fansar kanta: malaman Malikiyya sun halatta a yi khul'i a kan mace ta sarayar da riƙo, ko ta ɗauki nauyin ciyar da jariri zuwa yaye. Mace idan ta gaji da aure takan ce "na yarda da komai, a dai sake ni". Kada ki sa hannu ko ki dangwala yatsa sai an karanta miki takardar layi-layi. Ki mayar da sadaki idan shi aka nema, amma ki ce a rubuta ƙarara cewa riƙon yara da ciyarwarsu ba sa cikin cinikin.

4. Ki rubuta lissafin ciyarwa

Alƙali ba zai yanka kuɗi a kan "ba ya yi mana komai" ba. Ki sami littafi ki rubuta abin da kowane yaro ke ci a wata: kwanon hatsi nawa, shinkafa, mai, cefane, gawayi ko gas, sabulu da omo, kuɗin makarantar boko da na Islamiyya, littattafai, kuɗin mota, magani, ɗinkin sallah, kayan sanyi. Ki sa da rabon yara a kuɗin haya idan haya kike zaune. Idan kina shayarwa kuma sakin ya yanke, kina da ladan shayarwa, aya ta 6 a Suratul Ɗalaƙ ta faɗe shi. Idan ciki gare ki, ciyar da ke tana kansa har ki haihu.

A wani shafin ki rubuta abin da kika sani na samun uban: albashi, shago, gona, babur ko motar haya, yawan matansa da 'ya'yansa. Ki faɗi gaskiya. Da gwargwadon halinsa ake yankawa, kuma ƙari ɗaya da aka kama ki da shi yana rage wa sauran maganarki nauyi.

Shawarata, ki nemi a raba ciyarwar gida biyu: abinci a auna shi da kwano ko buhu, sauran a yanka da kuɗi. Kowa ya ga yadda farashi ya yi tun cire tallafin mai a 2023. Kuɗin da aka yanka bara ba ya sayen abin da ya saya bara, amma kwano goma na masara kwano goma ne. Kuɗin makaranta kuma a ce uba ya biya makarantar kai tsaye ya kawo rasiɗi.

Hattara: kada ki yi shekaru kina haƙuri da tunanin za ki karɓi bashin a dunƙule. A Malikiyya ciyarwar yaro ta lokacin da ya wuce tana faɗuwa, sai idan alƙali ya riga ya yanka ta, ko kuma wanda ya ciyar ya yi ne da niyyar a biya shi, ba kyauta ba. Don haka ki nemi a yanka da wuri. Kafin nan, ki shaida wa mutum biyu cewa abin da kike kashewa bashi ne a kan uban, ki riƙa ajiye rasiɗi.

5. A gwada sulhu, amma a rubuta

Ba na ba kowa shawarar ya fara da kotu. Yaran nan za su yi aure wata rana, iyayen biyu za su zauna a tabarma ɗaya. Waliyyinki ya nemi waliyyinsa. Idan abin ya faskara a je wurin mai unguwa ko dagaci, ko ofishin Hisba, ko sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma.

Sai dai sulhun baki ba ya kai wata uku. A rubuta, kuma takardar ta amsa waɗannan: a hannun wa kowane yaro zai zauna, da sunansa, nawa ko me za a kawo, a wace rana ta wata, ta wace hanya, wa ke biyan makaranta da asibiti, yaushe uba zai zo ko a kai masa su, da yadda za a raba hutun makaranta da sallah, wa zai ɗauko wa zai mayar, kuma ba wanda zai kai yaro wani gari, ko almajiranci, ko riƙo wurin dangi, sai da yardar ɗayan. Ku biyu ku sa hannu, shaidu biyu su sa, kowa ya riƙe kwafi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ana iya ɗaukar wannan takarda a kai kotu, a roƙi alƙali ya tabbatar da ita a matsayin hukunci. Daga ranar, wanda ya saɓa, umarnin kotu ya saɓa wa.

6. Shigar da ƙara da abin da za ki kashe

Ki je ofishin rijistara na kotun da safe, ki ce kin zo shigar da ƙarar riƙo da ciyarwa. Ki ambaci duka biyun, har da ladan shayarwa da kuɗin da kika riga kika kashe, domin alƙali ba ya ba da abin da ba a nema ba. Ki ba da cikakken adireshin wanda kike ƙara, da kwatance da lambar waya, saboda masinjan da zai kai sammaci. Sammacin da bai isa hannu ba shi ne abin da ya fi jinkirta irin wannan shari'a.

Kuɗaɗen da ke gabanki su ne na buɗe fayil, na sammaci, na motar masinja, na kiran shaidu, da na kwafin hukunci a ƙarshe. Adadin ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Duk abin da kika biya na gwamnati ki karɓi rasiɗi. Abin da ya fi cin aljihu a zahiri shi ne kuɗin motar zuwa zama bayan zama, ke da shaidunki, sai ki tanade shi tun farko.

A kotun Musulunci ba dole sai da lauya ba. Kina iya tsayawa da kanki, ko ki wakilta mahaifinki ko yayanki. Idan ɗaya ɓangaren ya ɗauko lauya ke kuma ba ki da hali, ki nemi ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta tarayya da ke babban birnin jiharku, ko ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, ko ƙungiyar kare haƙƙin mata ta WRAPA. Suna karɓar irin wannan shari'a ga marasa ƙarfi.

Idan jariri mai shan nono aka ƙwace, tun zaman farko ki roƙi umarnin wucin gadi a dawo miki da shi kafin a ci gaba da sauraro.

Hattara: masu rakuɓewa a bakin kotu suna cewa sun san alƙali, ki kawo wani abu a kai masa, ki rabu da su.

7. Ranar zama

Ki zo da wuri da takardunki na asali da kwafinsu. Idan aka ce ki yi da'awa, ki taƙaita: ranar aure, ranar saki, sunayen yara da shekarunsu, inda suke yanzu, abin da kike nema. Tarihin kishiya da na uwar miji ki bar shi a gida, sai abin da ya taɓa lafiyar yaran.

Ƙa'idar ita ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Idan uba ya ce ba ki da tarbiyya ko kina yawo, shi zai kawo shaidu adilai, ba ke za ki wanke kanki daga zargin da ba a tabbatar ba. Naki shaidun su zama waɗanda suka gani da ido, kamar maƙwabci ko malamin makarantar yaran. Shaidar mahaifi ko mahaifiya ga 'yarsu ana iya soke ta saboda kusanci. Kina da damar yi wa shaidunsa tambayoyi, ki kuma faɗi dalilin da ya sa ba za a karɓi shaidarsu ba.

Ki sani ana duba halin da yaran ke ciki a hannunki. Yarinyar da ke yawon talla lokacin makaranta, ko yaron da ke kwana a waje, hujja ce a kanki. Kada kuma ki kitsa wa yaro abin da zai faɗa a kan ubansa. Alƙalai suna ganewa, kuma tabon da hakan ke bari a zuciyar yaro ya fi shari'ar daɗewa.

Kafin hukunci alƙali zai yi i'izari, wato ya tambayi kowa ko yana da sauran magana ko hujja. Kada kunya ta sa ki ce babu alhali akwai shaidar da bai zo ba. Idan kuma aka yanke hukunci ba a yi i'izarin ba, wannan kaɗai dalili ne da kotun sama ke rushe hukunci a kansa.

8. Bayan hukunci

Ki biya ki karɓi kwafin hukunci mai hatimin kotu. Ki roƙi a riƙa biyan ciyarwa ta hannun kotu ko ta asusun banki, don kada a zo ana musun an bayar ko ba a bayar ba. Idan ya daina biya, kotun da ta yanke za ki koma, kuma tana da ikon tilasta shi, har da tsarewa idan ta tabbata yana da hali ƙi yake yi. Idan yara sun girma ko farashi ya tashi, ki koma a ƙara. Uban da karayar arziki ta same shi da gaske shi ma ya koma a rage, kada ya yi shiru bashi ya taru.

Wanda bai gamsu ba yana da kwana 30 a yawancin jihohi ya ɗaukaka ƙara. Daga ƙaramar kotu sai Babbar Kotun Musulunci, daga nan sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba hurumi a kan aure da riƙon yara. Ɗaukaka ƙara ba ta dakatar da hukunci da kanta, sai an nemi dakatarwar daban.

9. Sabon aure ko ƙaura

Idan za ki sake aure da wanda ba muharramin yaron ba, riƙonki yana faɗuwa da tarewa. Ki shirya tun kafin ɗaurin aure: mahaifiyarki ko 'yar'uwarki ta san ita ke bi, kuma ta kasance ba gida ɗaya za ku zauna ba, domin wannan sharaɗi ne. A mafi shaharar magana a mazhaba, ko sabon auren ya mutu riƙon ba ya dawo miki. Ga uba da sauran masu haƙƙi kuma: wanda ya san ta yi aure ya yi shiru shekara guda ba uzuri, ya rasa damar nema.

Ƙaura mai nisa ma tana taɓa riƙo. Malamai sun auna ta da baridi 6, abin da ya haura kilomita 100, kuma ƙaurar zama ake nufi, ba ziyara ko fatauci ba. Idan aiki ko komawa garinku zai kai ki irin wannan nisa, ki nemi yardar uba a rubuce ko ki sanar da kotu kafin ki ɗaure kaya.

10. Idan yaro yana cikin haɗari

Duka mai barin rauni, ƙuna, horon yunwa ko lalata da yaro, daga matar uba ne ko mijin uwa ko iyayen kansu, wannan ya wuce rigimar riƙo, laifi ne, kuma a nan 'yan sanda ke da hurumi. Asibitin gwamnati za a fara zuwa, a karɓi rahoton likita, a ɗauki hoton raunin. Idan fyaɗe ne, kada a yi wa yaron wanka, kada a wanke kayansa, a kai shi cikin awa 72, domin maganin rigakafin cutar ƙanjamau a cikin wannan lokaci yake aiki. Akwai cibiyoyin da aka ware domin haka, kamar Waraka a Kano da Salama a Kaduna. Daga nan a sanar da 'yan sanda da ma'aikatar harkokin mata ta jiha ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, sannan a kai rahoton likitan gaban alƙali a nemi sauya mai riƙo cikin gaggawa. Duk wanda ya zo da maganar a rufa asiri a kashe magana a cikin gida, kada a saurare shi.

Idan kuma ɗauke yaron aka yi aka ɓoye bayan kotu ta ba ki riƙo, kada ki tara 'yan'uwa ku je ƙwatowa da ƙarfi, kuma kada ki tare shi a hanyar makaranta. Ki kai kwafin hukunci kotu ta ba da umarnin a kawo shi, da rakiyar 'yan sanda idan ta kama. Ki ba shugaban makarantar yaran kwafi ɗaya da sunayen waɗanda aka yarda su ɗauke su. Fasfo da takardun haihuwa su zauna a hannunki, kuma idan kina da dalilin zargin za a tsallaka da yaro iyaka ko a ba da shi aikatau, ki sanar da kotu da hukumar shige da fice da hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP a ranar.